Daga Ragaya Zuwa Fisha: Tarihin Abin Da Ke Riƙe Da Labulenka

Yau ba saitin waya za mu yi ba, ba kuma maganar manhaja. Tarihi zan ɗan ja ka zuwa cikinsa. Na san da ka ga kan rubutun za ka ce, mi ya haɗa mai gyaran waya da labule? Ka yi haƙuri ka biyo ni, waya ce ta kai ni can.

Kwanakin baya wani ango ya kawo mini wayar amaryarsa shago, nan Birnin Kebbi. Sikirin ya dagargaje, tsagar ta taso daga tsakiya ta watsu kamar saƙar gizo-gizo. Duk wanda ya daɗe a wannan sana'a ya san bambancin wayar da ta faɗi da wayar da aka faɗo wa. Wadda ta suɓuce ta faɗi ƙasa, galibi daga kusurwa take fara tsagewa. Wannan kuwa wani abu ne ya sauko mata. Na tambaye shi, ya ce ƙarfen labule ne. Sati uku da tarewa, tsakar dare, ba wanda ya taɓa shi, ya tsinko daga bango da labulensa da komai, ya sauka a kan wayar tana caji a bakin gado. Kuɗin sikirin ya fi kuɗin ƙarfen da ladan wanda ya kafa shi a haɗe. Amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne da ya ce, da ƙarfen ya matsa taƙi ɗaya, kan amaryar zai samu.

Tun ranar nake bin abin. Na yi karance-karance a waya cikin dare, na kuma je na titsiye kakata da tambaya. Abin da na fahimta shi ne, labule bai cika faɗowa don laifin yadi ba. Wurin da nauyi ya haɗu da bango, nan rigimar take, kuma tarihin rataya kusan duk tarihin wannan ɗan wurin ne.

Mu fara daga gida.

Kakata a Argungu take, har yanzu ɗakinta na ƙasa ne, ta ƙi yarda a rushe shi. In ka shiga ka ɗaga kai za ka ga azara jere, ta yi baƙi don daɗewa. Azara itacen giginya ce da aka tsaga, gara ba ta cika cin ta ba, shi ya sa magina suka riƙe ta. A jikinta ragaya ke rataye. Ga wanda ya tashi a gidan siminti bai san ta ba, ragaya igiya ce da aka saƙa kamar 'yar raga, a ɗora ƙwarya ko ƙaramar tukunya a ciki, nono ko fura ko man shanu, ta yi ta lilo a sama inda ɓera da kyanwa da hannun yara ba sa kaiwa. Ka lura da abu ɗaya: ragaya ba ta jan bango. Nauyin yana bin igiya ya hau azara, azara kuma ta zauna a kan bango biyu ta danna su ƙasa. Bangon ƙasa kuwa ba abin da ya iya kamar a danna shi. A ɗakin ciyawa tsaiko ke ɗaukar wannan aiki.

A jikin bangon akwai 'yan itatuwa biyu da suka leƙo, kaurin kowanne kamar ƙotar lauje. Ba bayan gini aka kafa su ba. Lokacin da magini ke ɗora tubali, ƙasar na ɗanye, ya kwantar da itacen a tsakani ya ci gaba da aikinsa, bango ya bushe da shi a ciki. Nan gafakar Alƙur'anin kakana take rataye tun kafin a haifi mahaifina. Fitila kuwa tana da alkuki, ɗan ramin da aka bar mata a bango. Da na tambayi tsohuwar yaushe suka fara amfani da ƙusa, dariya ta yi, ta ce, "Mu ina munka san ƙusa? Wanda yag gina ɗaki shi ka sanin inda za a rataya kaya." Ka riƙe wannan magana, za mu dawo gare ta.

Tagar ɗakin 'yar mitsitsiya ce can sama, ko kai ba ya shiga, don haka ba ta neman labule. Sutura ta bakin ƙofa ce. Akwai tufaniya da ake jinginawa a rufe ƙofa. Akwai asabari da ake saki da rana, a naɗe shi sama in ana son iska. Akwai tsaiwa, mai zare-zare da ke zubowa daga sama, iska na ratsa ta amma na waje ba ya ganin na ciki sosai. Duk ba su da nauyi, yaro zai ɗauka da hannu ɗaya. Guntun gwangwala ko kara da 'yar igiyar rama sun isa su riƙe su.

Kada ka ɗauka labulen yadi Bature ya kawo mana. Ibn Battuta, matafiyin nan na Maroko da ya ratsa Mali har Takedda wajen 1353, ya rubuta cewa sarkin Barno na lokacin, Idris, ba ya bayyana ga jama'a, ta bayan labule yake magana da su. Sai dai labulen yadi abin sarauta ne da masu hali, don yadin saƙar hannu ne, siriri, sai an haɗa falle da yawa kafin a samu faɗin ƙofa. Talaka bai gama sutura jikinsa ba balle ya sutura ƙofa da zane. Har yau in manya za su gana a asirce sai mu ce sun sa labule.

In ka je Argungu ka shiga gidan tarihi na Kanta, tsohuwar fadar Sarkin Kabi da aka mayar gidan tarihi a 1958, jama'a makaman yaƙi da kayan su suke zuwa kallo. Kai ka ɗan saci kallon ginin kansa, ka ga kaurin bango. Daga nan ka gangara bakin Matan Fada ka ga yadda masunta ke shanya taru. Gwafa biyu a kafe a ƙasa, sanda ɗaya a gicciye a kai. Wallahi wannan ita ce uwar duk wani ƙarfen labule da ka taɓa gani. Bambancin kawai, gwafar masunci a ƙasa take tsaye, ba abin da zai zaro ta. Tamu ta zamani a jikin bango muka manna ta, a kwance.

To mi ya birkita wancan tsari? Siminti.

Masaƙar Kaduna ta fara aiki a 1957, yadi ya ƙara yawa a kasuwa, keken ɗinki ya shiga lunguna. Kamfanin siminti na Sakkwato da ke Kalambaina ya fara fitar da siminti a 1967, a hankali bulo ya shiga korar tubali. Mu nan kuwa babbar guguwar ta zo ne bayan 27 ga Agustan 1991, ranar da aka yanke jihar Kebbi daga Sakkwato, Birnin Kebbi ta zama babban birni. Ma'aikata suka kwaso iyalansu suka dawo, aka shiga gine-gine, rukunin gidaje irin na Gesse suka tashi, masu gidan haya suka bi sahu. Taga ta sauko daga can sama, ta yi faɗi, aka sa mata gilashi, ta fuskanci hanya. Yanzu mai wucewa na iya ganin tsakiyar ɗakinka. Labule ya tashi daga ado ya koma dole.

Amma mai ginin bulo ba ya barin itace a bango. Silin kuma ya rufe katakon rufi, ba inda za ka zura igiya. An ba mu babbar taga, an ɗauke mana maratayi.

Daga nan muka shiga zamanin ƙusa biyu da igiya, wanda na tabbata ka riske shi. Tela ya naɗe bakin yadi ya yi masa ƙubaka irin ta wando, a zura igiya, a ɗaure a ƙusa dama da hagu. Kwana biyu tsakiyar ta sauko kamar bayan tsohon jaki, saman tagar ya buɗe, mai tsawo na leƙowa. Sai aka samu waya mai sifirin, wadda aka lulluɓe da farar roba, da 'yar ƙugiya a kowane baki. Ita tana jan kanta, ta fi igiya, amma sai labule marar nauyi. Abin da ya fi burge ni a wancan zamani shi ne gado mai rumfa na iyayenmu mata. Gadon ƙarfe ne da ya zo da ginshiƙansa huɗu da sandunansa a sama, ya ɗauki labulensa, ya ɗauki gidan sauro, bai roƙi bango komai ba. Mu da muke zaune a bakin fadamar shinkafa mun san darajar wannan. Da gado mai rumfa ya tafi, aka koma katifa a ƙasa da gadon katako, gidan sauro ya rasa mariƙi. Na shiga gidaje da dama na ga gidan sauro sabo fil a cikin ledarsa, ba don ba a so ba, sai don ba inda za a ɗaura kusurwa huɗu a bangon da ƙusa ke lanƙwashewa.

Yanzu mu ƙetara teku, don Turawa sun riga mu faɗawa wannan matsala. Sun riga mu yin manyan tagogin gilashi, ga sanyi da ke tilasta musu labule mai kauri. Sandar katako ko ta tagulla mai zobba ta daɗe a wurinsu, amma sai an kira kafinta ya auna ya yanka wa kowace taga tata. In ka tashi daga gidan, sandar ta zama itacen wuta.

A nan sunan Samuel Scottron ke shigowa. Baƙar fata ne ɗan Amurka, kuma aski ya taɓa yi. Ya lura masu zuwa aski na fama su ga ƙeyarsu, sai ya haɗa madubai masu juyawa yadda mutum zai ga kansa ta kowane gefe, ya yi musu rajistar mallaka a 1868. Ya koma karatun dare a makarantar Cooper Union ta New York ya ƙaro ilimin lissafi. Daga nan ya juya kan taga. A 1880 ya yi rajistar kan labule da ake iya ƙara wa tsawo ko a rage, a 1886 marufin bakin sanda, a 1892 sandar labule, a 1893 mariƙin da ke tallafe ta. Za ka ga ana yaɗawa a intanet wai shi ya ƙirƙiro sandar labule. Wannan an yi ƙari, sanda ta girme shi nesa ba kusa ba. Abin da ya yi shi ne gyara, ya sa abu ɗaya ya dace da taga iri-iri. Ni a wurina hakan bai rage masa komai ba. Mu ma masu gyaran waya ba mu muka ƙera ta ba, amma mun san inda take ciwo.

Sai Charles Kirsch, a wani ƙaramin gari mai suna Sturgis a jihar Michigan. A 1907 ya fito da sandar labule ta falle, wato siririn ƙarfe da aka lanƙwasa gefensa biyu, ɗaya na shiga cikin ɗaya, ka ja ta yi tsawo, ka tura ta gajarce. Dabararsa kuwa ka taɓa yin ta a aji ba ka sani ba. Ɗauki rula ka kwantar, ka danna tsakiya, za ta lanƙwasa. Tsayar da ita a kan gefenta ka danna, ko gezau. Ƙarfen bai ƙaru ba, zamansa ne ya canza. Haka bututu yake: in ka ɗauki ƙarfe mai nauyi ɗaya, ka yi ɗaya curarre ɗaya kuma bututu mai faɗi, bututun ya fi jure lanƙwasa. Gora ma haka Allah Ya yi ta, rami a ciki, ƙarfi a gefe.

Ga wani lissafi da na so a ce duk mai kafa labule ya haddace. In ka ninka tsawon sanda sau biyu, ka cika ta da labule iri ɗaya, lanƙwasar tsakiyarta ba sau biyu za ta ƙaru ba. Sau 16 ne, biyu sau biyu sau biyu sau biyu. Shi ya sa sandar da ta zauna lafiya a tagar mita ɗaya da rabi take yin ciki a ta mita uku. Maganin ba tsada, mariƙi na uku a tsakiya. Kuma irin mai shiga cikin juna ɗin nan, kada ka ja ta har ƙarshe don tsumulmular kuɗi. Mahaɗar ita ce wurin rauni, ka bar mata aƙalla taƙi guda a cikin juna.

Matsalar jan labule kuwa ba zan daɗe a kanta ba. Zobba sun daɗe. A ƙarshen shekarun 1920 kamfanin Kirsch ya fito da sanda mai igiya, ka ja igiya a gefe labule ya buɗe biyu. A 1952 wani injiniya a Suwizalan, Alexander Weber, ya haɗa layin alminiyam da 'yan robobin nailan masu sulɓi a ciki, labule na tafiya ba ƙara, kamfanin Silent Gliss ya ginu a kan wannan. Irin da ya cika kasuwarmu yanzu shi ne wanda ake huda yadin kansa a sa masa manyan zobba, sanda ta bi ta ciki. Yana da kyau, sai dai in sandar mai mahaɗa ce zoben na tuntuɓe a wurin, mai ja ya fizga, fizgar nan kuma bango take komawa. Abu ɗaya zan ja kunnenka a kai: duk labulen da ke da igiya mai madauki tana reto, ka ɗaure ta sama inda yaro ba ya kaiwa. Igiyar nan ta shaƙe yara da yawa a Amurka, har a 2018 suka sa ƙa'idar cewa irin da ake sayarwa a shirye a kanti ya zama ba igiya a sake.

Bari in ɗan ratse, don hanga ma 'yar gidan nan ce. Yadda ake ba da labarin, a 1903 wani ma'aikaci mai suna Albert Parkhouse, a wani kamfanin sarrafa waya da ke Jackson a Michigan ɗin dai, ya zo aiki ya tarar duk maratayan riga sun cika. Ya ɗauki guntun waya ya lanƙwasa kafaɗa biyu, ya murɗe samanta ya yi ƙugiya. Kamfanin ne ya yi rajistar abin, ba da sunansa ba. Duk yaron shagon da ya taɓa gano wata dabara oga ya ci kuɗinta ya san yadda wannan ke ciwo.

To yanzu mu zo kan wanda nake ganin shi ne gwarzon labarin, alhali shi ne mafi ƙanƙanta, kuma ba a ganin sa ma in an gama aiki.

Ka dubi mariƙin sanda. Ya fito daga bango kamar tsawon yatsa ko fiye, nauyi kuma a can bakinsa yake. Wannan zama ɗaya ne da na ƙahon guduma lokacin da kake zare ƙusa daga katako. Ƙasan mariƙin na danna bango, samansa na zaro abin da ka kafa shi da shi. Ƙusa tana da ƙarfi in nauyi na jan ta ƙasa a daidai jikin bango, shi ya sa kalanda ke shekara a kanta. Amma in ana jan ta waje, ba abin da ke riƙe da ita sai matsewar ramin. Kullum safe a ja labule, kullum dare a ja, kowane ja na girgiza ta kaɗan, filasta na zama gari a kewayenta. Ranar da za ta fita ba sai an taɓa ta ba.

Turawa ma da can sassaƙa rami suke yi a bango, su dunƙula itace su buga a ciki, sannan su ɗaura noti a jikin itacen. Kafintocinmu na yin haka har gobe. Yana riƙewa na ɗan lokaci, amma itace na kumbura da damina ya motse da hunturu, wata rana sai ya fito da kansa. Wani injiniya a Landan, John Joseph Rawlings, shi ya fara kawo gyara, ya yi rajista a 1911. Nasa ɗan bututu ne na zare irin na buhun algarara da aka haɗa da gam, a huda ƙaramin rami daidai shi, a tura, in noti ya shiga sai ya buɗe ya cije bango. Rawlplug ke nan.

Sai 1958. Wani Bajamushe, Artur Fischer, wanda aikin ƙarfe ya koya tun yana yaro, ya yi nasa da nailan. Ya tsaga shi biyu daga baki, ya yi masa haƙora a jiki, ya sa masa 'yan fukafukai da ke hana shi juyawa tare da noti. Kana ɗaurewa yana buɗewa, haƙoran na nutsewa a cikin siminti, jan da zai zaro ƙusa shi bai ko motsa shi. Ɗan'uwa, wannan robar da kake zuwa kasuwa ka ce a ba ka fisha, sunan mutumin nan kake kira. Ni kaina na yi shekaru ina ɗauka daga kifin Turanci sunan ya fito, har ina cewa don tana kama da ƙaya. Ya rasu a 2016 yana da shekara 96, da rajistar ƙirƙira sama da 1,100, ya ɗara Thomas Edison. Kuma ga inda ya taɓo sana'ata: a 1949 ya ƙirƙiro wata na'ura da ke sa fitilar kyamara ta walƙa daidai lokacin da ake ɗaukar hoto.

In ka duba da kyau, fisha ta dawo mana da abin da tsohuwa ta ce ne. Magini na da yana binne itace a bango ranar gini. Fisha itacen nan ne, sai dai an ba ka damar binne shi bayan shekara ashirin da gama gini, a duk inda ka ga dama.

Akwai masu gudun huda bango gaba ɗaya, musamman 'yan haya, kuma ban ga laifinsu ba. Akwai sanda mai sifirin a ciki da ke tokare bango biyu, tana yi a ƙofar bayi ko ƙaramar taga. Akwai ƙugiya mai gam. Kamfanin 3M ya fito da irin nasa mai suna Command a 1996, wanda in za ka cire sai ka ja bakin gam ɗin a hankali ya miƙe ya saki, ba ya ɓare fenti. Duk wanda ya taɓa cire batirin iPhone ya san wannan dabara, irin gam ɗin ne a ƙarƙashin da yawa daga cikinsu. Amma ka tambaye ni da mi muke buɗe wayar da aka manne. Da zafi. Zafi ke sa gam ya saki. Yanzu ka tuna bangon da ke kallon yamma a Birnin Kebbi cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura 40, ga ƙurar hunturu da ta riga ta kwanta a fenti. Ka rataya makulli ko carbi a kai, ba laifi. Labule kuwa a'a.

Na zamani kuma sun zo. Akwai masu mota a cikin layin, akwai ɗan injin SwitchBot da ya fito wajen 2019, wanda ake maƙalawa a sandar da kake da ita, yana da batir, ka haɗa shi da waya ta Bluetooth, ka sa masa lokaci ya buɗe labule da asuba ya rufe da rana. Abin sha'awa ne, ban musa ba. Amma nauyi ne ka ƙara wa sanda, da ja na kullum. In mariƙinka a kan ƙusa yake, ka sayi injin da zai taya ka tsinko shi ne da wuri.

Ranar da angon nan ya zo karɓar waya na ce ya kai ni in ga wurin. Taga ce mai faɗin kusan mita uku, sanda biyu, ta gaba da labule mai kauri, ta baya da shara-shara. Mariƙi biyu kacal, ba na tsakiya. Na dama ƙusar kankare biyu aka buga masa, kuma filastar wurin ta yi kauri, ƙusar da kaɗan ta taɓa bulo. Na hagu an sa fisha, amma ramin ya fi ta girma, sai aka cusa tsinken ashana a cike. Da yatsa biyu na zaro ta.

Muka aro injin huda. Kafin in taɓa bango sai da na duba ƙasa, don ni ma na taɓa ci. A shagona na huda daidai saman soket, na samu wayar da aka binne, wuta ta yi tartsatsi, Allah Ya kiyaye hannun injin roba ne. Masu wayarin galibi miƙe suke hawa da bututunsu daga soket ko makunni zuwa silin, don haka kada ka huda a kan wannan layi, kuma ka kashe wutar gidan in kana shakka. A ɗakin amaryar soket ɗin na ƙarƙashin gefen dama, sai muka matsa taƙi ɗaya waje.

Fisha mai lamba 8, bakin inji mai lamba 8, ba babba ba. Zurfin rami ya ɗan fi tsawon fisha. Ka hure ƙurar ta fita, don fisha a cikin gari ba ta cizo. Ta shiga da ɗan bugun guduma, in ta faɗa da kanta ramin ya lalace, ka sake wani. In kana huda ka ji injin ya zurma gaba ɗaya, ka faɗa cikin ramin bulo ke nan, ka matsa gefe ka nemi inda yake cike. Mu mun yi sa'a lintar tagar ta wuce gefe da gefe, kankare ne zalla, injin ya sha wuya amma noti ya kama kamar an yi walda. Noti biyu a kowane mariƙi, na sama shi ne mai aikin. Muka ƙara na uku a tsakiya. Da muka gama na kama mariƙin na ja da ƙarfina kafin a ɗora sanda.

Amarya dai ta ce ko da haka a janye mata gadon daga ƙarƙashin tagar, aka janye. Ramukan farko kuwa suna nan guda huɗu a bayan labule, ɗaya har da ɓallin filasta kamar tafin hannu. Mai gidan bai gani ba tukuna.